Ɗaurin Harawa

Babana bai taɓa sayen ciyawa ba.
Ya ce ruwa da ciyawa da inuwar gawo
shimfiɗar Allah ce,
wanda ya kai musu kuɗi yau
gobe zai tayi numfashi.

Amma burtalin da ya bi yana yaro
daga Kwalkwalawa zuwa bakin gulbi
yanzu bulo ne da turakun siminti,
kowane fili da lambarsa.
Fadama ta koma shinkafar rani,
injin ban-ruwa na tari inda burgu ke tsiro.

Shanu bakwai suka rage mana.
Goshi, mai cika ƙwarya har kumfa ta zubo,
hantsarta ta yamutse kamar tsohuwar salka.
Inno na tatsa tana ganin gindin ƙwarya.
Mai kindirmo ta Mabera ta daina kiran waya.

Ƙanena Modi ya tsuguna da tsinke,
ya zana lissafi a ƙasa:
ɗaurin harawa kaza, buhun dusa kaza,
nono kaza, in an cire kuɗin mashin.
Baba ya share da tafin ƙafa.
"Mi kac ce? In sai haki?
Saniya ta ci kuɗi, mu mu ci mi?"

Kwana tara bai ƙara tada zancen ba.

Ranar Laraba, bayan assalatu,
ya kwance ragon da ake wa tanadin layya.
Na bi shi har Kara.

Ya cusa hannu cikin ɗauri,
ya murza ganyen, ya kai hanci.
"Ta ina ce?"
"Gonar Ɗan'ige, gefen tsamiya biyu."
Baba ya daɗe tsaye.
Shekara ashirin shanunmu na kwana a gonar nan
bayan an cire amfani,
Ɗan'ige da kansa ke kawo damen gero
yana roƙon mu ƙara ko da mako guda.

Bai yi ciniki ba.
Ya ƙirga, ya miƙa, ya ɗauka a ka,
bai yarda na taya shi ba.

Da Goshi ta sa baki
ya juya mata baya yana gyara igiya.
Kwana huɗu, nono ya hau da yatsa biyu.

Jiya na ji yana ce wa Ardo Jaɓɓi:
"Ba saye niy yi ba,
takinmu na, ni ɗauko abinmu."
Da Ardo ya tafi ya kira Modi,
ya miƙa masa tsinke.