Yaɓe

Shekara shida ina rubuta Baba,
bayan isha'i, in yara sun yi barci,
a bayan tsoffin takardun jarrabawar 'yan aji huɗu.
Ɓaidu magini na Ƙofar Sauri,
mai ɗanɗana ƙasa da harshe
kafin ya yarda a zuba mata ruwa.

Na kwashi adashena,
na haɗa da kuɗin keken ɗinki, na nufi Ƙofar Ƙaura.
Mudassiru ya juya a kujera, ya ce, "Malama,
kin zo gidan share hawayen marubuta.
Sati uku."

Sati uku ya haifi wata biyar.
Yau babu wuta. Gobe inji na jiran ƙarfe daga Kano.
Jibi yaron da ya iya na'ura ya tafi ɗaurin aure Mashi.
Gata, waya a kashe.

Ran da kwalayen suka iso
sai da na yi alwala kafin in yanke igiya.
Ga bango: hoton Baba ya dafe kamar gindin tukunya,
hula kawai ta tsira, da haƙora biyu.
Tawada ta bi yatsuna
kamar na dawo daga dangwala ƙuri'a.

Na buɗe ciki. An yi wa haruffana aski,
ba a bar ƙugiya ko ɗaya ba.
Inda na ce Baba ya taka ƙasa,
sun sa shi ya taka kasa, ga ta da dafi.
Na ce ƙura ta lulluɓe masu kwaɓa,
sun sako musu kura.
Na ce ran rasuwarsa baƙi sun cika gida,
sai ga baki ya cika gida.
Na ce bai taɓa ƙarya ba,
suka ba shi taba, suka haɗa shi da karya,
mutumin da ko goro bai dame shi ba.
A shafin ƙarshe na rubuta "Ya ƙare,"
kare ne ya raka ubana.

Shafi na arba'in da ɗaya ya zo sau biyu,
na sittin ya kifa kai ƙasa kamar jemage.
An binne Baba a babi na uku,
an raɗa masa suna a na bakwai.

Na ba ƙanensa kwafi guda, Baffa Lawandi,
ya buɗe da bisimilla a zaure,
gam ya saki,
takardu suka watse kamar an kori tantabaru.
Tsoho ya duƙa yana tsince yayansa ɗaya-ɗaya.
Bai ce komai ba. Gara da ya ce.

Na koma. Mudassiru yana cin gyaɗa.
"Ai Hausa ce, Malama, mai karatu zai gane.
Sabon bugu, sabon kuɗi."
A bayansa kalandar wani ɗan takara tana sheƙi,
ko ɗigo bai kauce ba.

Soron da Baba ya ɗora a Unguwar Yari
ya sha damina hamsin, azara ko ɗaya ba ta motsa ba.
Littafinsa bai kai Juma'a biyu ba.

Amma na tuna shi bayan kowace kaka,
yana zagaya katangun da ruwa ya zaizaye,
da kwaɓi a tafin hannu,
ba zagi, ba kai ƙara.

Shi ya sa yanzu, bayan isha'i,
ni da Hindatu muke shimfiɗa tabarma,
ita allura da zare, ni baƙin biro.
Tana ɗinke ƙashin baya,
ina mayar wa kowane harafi ƙugiyarsa,
ina korar kura, ina kashe kasa,
ina ƙwace taba daga bakin Baba.

Kwafi ɗari uku ne.
Daren jiya mun gama na goma sha tara.