Daren Haɗa Akwati a Castries

Shekara talatin da ɗaya ina bakin tasha,
tirena a gaba: kirfa, curin koko, malafar kaba.
Fararen jirage masu hawa goma sha biyu
su iso da hantsi, su zazzage mutane,
la'asar na yi su tattare abinsu.
Ko matakalar farko ban taɓa takawa ba.

Gobe da ni za a tafi.
Ɗana Lennox, da ke tuƙin bas can ƙasar ƙanƙara,
ya aiko tikiti: kwana bakwai, tsibiri biyar, ɗaki mai taga.

Jikata Shermika ta haye gado, waya a hannu,
tana karanto mini ƙa'idar matafiya.
"Kaka Ignatia, man kare fata daga rana."
Na ce, yarinya, ni da rana mun gama ciniki,
abin da za ta ci a jikina
ta cinye tun ba a haifi uwarki ba.
Ta dai cusa kwalbar a lungu.
Na yi kamar ban gani ba.

Fasfo ya shiga, sabo fil, ko tambari ɗaya babu,
hotona a ciki kamar wadda aka kama da laifi.
Maganin hawan jini a tsohon gwangwanin madara,
na ƙirga goma, ko da teku ta yi gardama.
Ɗanyar citta don jiri.
Kwalbar yajin da na daka da hannuna,
don maƙwabciyata Verna, da ta yi aikin gyaran gado a ciki,
ta rantse miyarsu ba ta da bakin magana.
Ita ce kuma ta ce in ɗauki rigar sanyi:
waje na tafasa, ciki kamar firji.

Dutsen guga Shermika ta zare, wai an hana.
Wuƙar ɓare mangwaro ma haka.
To da me mutum zai zama mutum a can?
Rigar wankan teku da ta sayo mini,
ƙyallen bai isa tace koko ba,
na mayar mata, na ninke shuɗiyar rigata ta coci.

Sai hular Cuthbert.
Gishiri ya ci bakinta, har yau tana ƙarnin kifi.
Shekara arba'in yana kauce wa waɗannan jirage da ɗan kwalekwalensa,
yana zaginsu in sun kaɗa masa igiyar ruwa,
da dare kuma ya zauna yana ƙirga fitilunsu.
Bai jira tikiti ba.
Shermika ta buɗe baki, ta dubi fuskata, ta rufe.

Akwai abin da babu a wayarta.
Na ɗaga katifa na zaro ƙullin ƙananan daloli,
ɗaya-ɗaya, sun yi laushi kamar ganyen da ya kwana.
Kowace tasha muka tsaya, na san akwai wata mai tire
da ƙafa a kumbure, da murmushin da aka ɗaura tun asuba.
Abin da ta faɗa, shi zan biya.
Ba zan taya ba, ba zan ɗauki hotonta ba,
zan tambayi sunanta.

In jirgi ya ja baya gobe da yamma
zan hau can ƙololuwa, in riƙe ƙarfe,
in nemi inuwar da na tsaya shekara talatin da ɗaya.
So nake in ga ko daga can
ana iya gane mutum.

Akwati ya ƙi rufuwa.
Shermika ta zauna a kai tana dariya, zip ya cije.
"Sai an rage abu ɗaya, Kaka."
Na laluba lungu, na miƙa mata kwalbarta.