Mai Ɗinkin Tuta a Oamaru

A tarihin da bai faru ba,
inda Landan ta sha kaye a teku ta ja ƙofarta,
ni ce Ishbel Dunnet, mai keken ɗinki
a bayan rumbun ulu, daf da gaɓa.
Tuta uku na ɗinka wa ƙasa ɗaya,
kuma da almakashi guda.

Ta farko gadonta na yi.
Kakana ya taho da ita daga Sikotlan a akwatin katako,
tare da irin alkama da wani tari mai naci.
Shekara hamsin yana kiwo a tudun nan,
amma in ya ce "gida", arewa yake nuni da haɓa.
Muna tura musu naman rago a jirgin ƙanƙara,
mu tura musu samari a jirgin soja.
Naman dai an biya kuɗinsa.
Ƙanena Alasdair, takarda ce ta dawo.

Ranar da waya ta iso cewa uwa ta kwance goyo,
magajin gari ya shigo da hula a hannu,
bai iya kallon idona ba.
"Warware kusurwar hagu, Ishbel. Ƙara taurari."
Na kwana ina farke abin da mahaifiyata ta ɗinka,
zare na fita yana barin ƙananan huda,
in ka ɗaga ƙyallen ga fitila
sai ka ga tsohuwar tana leƙe ta bayan sabuwa.

Amurkawa suka zo da jirage masu launin toka,
da cingam, da majigi, da dariya mai ƙara.
Fam ya koma dala.
Mota ta koma hannun dama,
a makon farko mai madara ya yi karo da limamin coci,
kowa na rantsuwa shi ke kan hanya.
Muka koyi shan kofi muna yatsina,
muna ɓoye ganyen shayi kamar kayan sata.

Shekara talatin da ɗaya ana zuma.
Sai suka ɗora haraji a kan ulu da man shanu.
Na ga man yana narkewa a tashar jirgi,
yana bin tsagin katako, kifaye na biki.
Majalisa ta waiga, Tokiyo ta yi murmushi.
Ba wanda ya dubi rigar wuyan mai kyautar riga.
Aka ce jar rana za a sa a tsakiya.
Jan yadi ya ƙare a gari, na rina da kaina,
tafin hannuna ya yi wata biyu kamar na mahauci.

Maƙwabciyata Ripeka ta zo da tsuntsun teku mai gishiri,
ta tarar ina kuka a kan keke.
Ta zauna, ta daɗe ba ta tanka ba.
"Kuna jin zafi an sauya muku uba sau uku.
Mu wa ya tambaya ranar da aka kafa sandar?
An ce baƙo raɓa ne.
Taku raɓar ta kwana ɗari bisa ɗari,
har yau rana ba ta shanye ta ba."
Ban sami amsa ba. Na zuba mata shayin ɓoye.

Da za ta tafi ta roƙi guntayen ƙyalle,
shuɗin Ingila, taurarin da suka yi saura, ragowar ja.
Ta haɗa bargo ga jikanta mai wata shida.
Daren farko ya jiƙa daulolin uku,
ta wanke, ta shanya a igiya,
iska ta kaɗa su daidai wa daida.

Jiya ɗan magajin gari ya ƙwanƙwasa,
hula a hannu, takarda a aljihu.
Na ce masa idona ya tafi, ba na ganin kafar allura.
Ƙarya ce.
Daga nan ina hango sandar, tsirara,
da tsuntsun da ya sauka a kanta.