Allurar Tukunya

Ni ne mai gangaro tukwanen oksijin
daga bakin ƙofa zuwa ɗakin masu haki.
Ba ni da farar riga, sai takunkumi
da kafaɗar da ta san nauyin ƙarfe.

Daren Talata tukwane uku suka rage,
gadaje goma sha ɗaya.
Sista Uwani ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa,
kamar lissafi zai ji kunyarta ya canza.

Da can iska kyauta ce.
Ko a Kurmi, inda komai ke da farashi,
ban taɓa jin an taya ta ba.
Yau ga ta a mudu,
wata siririyar allura ke awo.

Sista ta yanka roba,
ta yi mata baki biyu, ta naɗe da filasta:
hanci biyu, tukunya ɗaya.
Ɗanlami tela daga Yakasai
da wani direban tirela da ba mu san sunansa ba
suka yi tarayya a numfashi,
ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

Ƙarfe ɗaya aka buga waya Sharaɗa:
injin cikawa ya tsaya, ba mai.
Ƙarfe biyu ya tashi.
Tanimu ya ɗaure biyar a adaidaita,
gari a kulle,
a shingen Ɗan'agundi aka tare shi,
aka juya takardarsa, aka haska ta da tocila.
Minti ashirin.

Ni kuwa ina tsugune gaban allura
tana gangarawa wajen ja
kamar rana bayan la'asar.

Tabawa ta gado na bakwai ta kira ni da ido,
ta zare robar daga hancinta:
"Kai wa yaron can.
Ni na sha tawa, shekara saba'in da huɗu."
Sista ta mayar mata. Ta sake zarewa.
Sista ta tsaya, roba a hannu.

Da na ji ƙarafa na gwaruwa a ƙofa
ban san inda na yar da silifa ba.

Da asuba, gadaje goma sha ɗaya,
goma ke haki.
Na gangara da fanko waje,
nauyinsu bai ragu ba ko kaɗan.
A bakin famfo na sassauta takunkumi zan yi alwala,
na ja iska har ƙirji,
sai na ji kamar na ɗauki abin wani.