Waya a Cikin Shinkafa

Ranar Talata wayata ta faɗa ruwa
a kasuwar kifi ta Busan,
cikin bahon kaguwa.
Ina amsa saƙon Manaja Gwak da babban yatsa,
ɗaya hannun riƙe da leda,
sai ta sulɓe. Tsundum.
Tsohuwa Bok-sun ta tsamo ta da ludayi,
ta miƙo min kamar gawar ɗan tsako.

Baba ya ce, binne ta a tulun shinkafa,
kwana uku, kada ki kunna.
Na ce, Baba, kwana uku?
Jiragen ruwa goma sha ɗaya ke kan hanya,
Rotterdam na tsakiyar aiki sa'ad da muke cin abincin dare,
Los Angeles na buɗe ofis lokacin da barci ya yi daɗi.
Ya ce, teku ta girme su duka,
ita ma sau biyu take janyewa a rana.

Daren farko hannuna ya yi ta laluben aljihu.
Cinyata na jin girgizar da babu ita.
Ƙarfe uku na tashi,
na tsaya gaban tulun kamar ɓarauniya a gidanmu,
na ɗaga murfi, na mayar.

Dare na biyu na ji firji yana gurnani,
ban taɓa sanin yana da murya ba.
Can bayan bango sai tari,
busasshe, mai nauyi.
Da safe na ce, Baba, tun yaushe?
Ya ce, tun furannin bazara.
Ni da nake amsa wa Rotterdam cikin minti biyu,
wata biyar ban ji ɗakin da ke kusa ba.

Dare na uku Da-on ta hau cinyata,
ta buɗe baki, ta nuna haƙori mai girgiɗi.
Ta ce na biyu ke nan,
na farkon Kaka ne ya cire da zare.
Muka ɓare lemun Jeju,
ta jera ɓawon a tebur ta ce jirage ne,
ba wanda ya makara.

Juma'a na tono ta. Ta kama.
Saƙo ɗari biyu da tara.
Jiragen duk sun iso.
Kwantena guda ta ɓace a Singapore,
wani ya gano ta, ba ni ba.
Manaja Gwak ya rubuta: Ina kika shiga?
Na rubuta, na goge, na sake rubutawa:
Daga takwas na dare zuwa shida na safe
ba a samuna.
Ya aiko da alamar tambaya guda, tsirara.
Bai kore ni ba.
Ƙarin girman dai ya tafi wurin Tae-o,
wanda ke kwana da tasa a ƙarƙashin matashi.
Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Wayar ta bushe tuntuni,
amma kowane dare ina mayar da ita tulun,
in tura ta har wuyan hannu.
Ba kullum nake cin nasara ba.
Larabar da ta wuce Da-on ta kama ni a duhu,
hasken gilashi a fuskata,
ƙwayar shinkafa maƙale a ramin caji.
Ba ta ce komai ba.
Ta ɗaga murfin kawai, ta riƙe.

Mun kai Baba asibiti, suna ba shi magani.
Shi ke fara tashi har yanzu.
Ina jin sa da asuba yana awo,
gwangwani ɗaya, biyu, da rabi,
sai ya ci karo da ita,
ya ciro, ya hure, ya ajiye gefe
kamar tsakuwar da aka tsince a hatsi,
ya ɗora tukunya.