Wasiƙun Benedita

A Porto, inda taragon lantarki ke hawan tudu yana tari,
Benedita na da shagon kifin gwangwani.
Ɗan ƙanwarta ya sayo mata adireshin imel dubu tara,
cinikin buhu, ba a kwance bakinsa ba.

Litinin ta tura. Laraba ta tura. Asabar sau biyu:
"RAGI! RAGI! KADA A BA KA LABARI!"
Kowa ta kira shi "abokinmu na ƙwarai",
har wani Duarte da ya rasu bara.
Ƙofar fita kuwa ta ɓoye ta can ƙasa,
da haruffa mitsi-mitsi kamar ƙwan kifi.

Shiru.
Sallama ce a gidan da ba a san muryarta ba.

Sai ta ajiye littafi kusa da ma'auni:
"In kana so in rubuto maka, sa sunanka."
Mutum arba'in da ɗaya.

Ta ba su labarin kakarta
tana gasa sadin a kan garwashi,
hayaƙi har bakin kogin Douro.

Can da daddare Amélia ta amso:
"Tawa kakar lemun tsami take matsawa.
Ajiye mini gwangwani shida."