Talatin da Shida

Kawu Ƙasimu bai bar min gona ba,
bai bar min ko tunkiya ba,
sai baƙin ƙarfe cikin jakar fata
mai warin tsohuwar adaka,
igiyarta ta sha gumin wuyansa har ta yi laushi.
Tun yana da rai ya ce da ni:
"Wannan ba waya ba ce, Tsahare.
Talatin da shida take haɗiyewa ta rufe baki.
Ƙirga kafin ki danna."

Na nufi Gobarau da rana tsaka.
Hasumiya ta ƙi shiga gilashi,
na ja da baya, na ƙara ja,
har na taka faifan mai gyaɗa.
Ƙyas! Ƙyas! Tara na ƙona ranar nan,
na biya kuɗin gyaɗa, na koma gida ina taƙama.

Mako uku fim yana hannun Lurwanu mai wanki.
Da ya miƙo ambulan bai dube ni ba.
Ga hasumiya ba kai,
ga ta a karkace kamar mai ciwon ƙugu,
ga babban yatsana ya rufe rabin Katsina.
Biyu baƙi ƙirin:
ashe murfi na manta ban cire ba.

Wani tsohon magini, Baba Tsalha,
yana cuɗa ƙasa da ƙafa a bakin lungu,
ya karɓi hotunan da gefen yatsu, ya yi dariya.
"Ginin ƙasa kunya gare shi, 'yata,
ba ya magana da rana tsaka.
Dawo bayan la'asar, in ruwa ya ɗauke."

Na dawo.
Bango ya sha ruwa ya yi ja kamar goro,
rana ta kwanta ta gefe tana lasarsa,
sai ga sawun yatsu biyar a cikin yaɓe,
ga wasu biyar a samansu,
hannuwan da ko jikokinsu ba su san sunansu ba.
Indararo ya zubo inuwa doguwa,
ƙadangare ya tsaya kan azara yana gyaɗa kai.
Na murɗa gilashi a hankali
har tsagar bango ta daina zama biyu.
Na matse gwiwar hannu a haƙarƙari,
na riƙe numfashi.
Ɗaya kawai na ɗauka.

A hanyar gida, wajen Ƙofar Guga,
wani zaure mai zankwaye uku, na huɗu ya karye,
na ɗauke shi a gaggauce, hannu na rawa,
don hadari ya sake haɗowa.
Ruwan Agusta ya kwantar da shi a daren Talata.
Yanzu bulo ne a wurin, da ƙofar ƙarfe shuɗiya.

Hoton ya fito dishi-dishi,
Lurwanu ya ce kada in biya kuɗin wannan.
Amma Inna Kulu mai gidan
ta kai shi kusa da ido, ta daɗe shiru,
ta ɗora farce a kan wani duhu ta ce:
"Nan Malam yake shimfiɗa buzu."
Ta ƙulle shi a gefen zane, ba ta tambaye ni ba.

Sabon fim na saka shekaranjiya.
Tun hantsi nake zaune a gindin ganuwa,
kyamara a cinya, murfi a aljihu,
lamba tana nan a kan ɗaya.